Ƙarƙashin Gungumen Giginya

Zuwa ga Abdu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Allah, ni ne Garba. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, babu fos ɗin da ke kai saƙo inda kake. Amma bar ni in rubuta. Tun da soja suka hau mulki, kowace takarda sai an buɗe ta a hanya, wannan kuwa ba ta da hanyar da za a tare ta.

Tun kana da rai na ji ana cewa wai ka samo wani abu a dajin giginya na Bengou wanda babu shi a littafin kowa. Mai shayin bakin tasha ne ya fara gaya mini, yana dariya. Na taya shi dariyar. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina aikin gandun daji, wane gungume ne ban zauna a kansa ba? Yaya za a yi malamin lakkol, mai koyar da yara boko, ya zo ranar Lahadi ya ga abin da ban gani ba? Ashe ni zama nake yi a kansu, kai kuwa juya su kake yi.

Har yanzu in na rufe ido ina ganinka. Ka durƙusa, ka kife ruɓaɓɓen itace, ka duba cikinsa, wato gefen da ke kallon ƙasa. Nan fumfunar da kake nema take, ta manne da itacen kamar an shafa farar ƙasa ta bushe. Ba ta da hula irin ta naman kaza, ba a ci, ba a magani da ita. Ka yanki ɗan ɓawo da wuƙar aljihu, ka sa a ambulan, ka rubuta sunan itacen da wurin, sannan ka mayar da gungumen daidai yadda ka same shi. Ka ce in an bar cikinsa a rana, abin mutuwa yake yi.

A idona duk ɗaya ne, kai kuwa ka raba su gida-gida. Masu santsi kamar kakin zuma daban, masu ƙananan haƙora daban, masu tsagewa kamar laka a rani daban. Sai ka je likita ka roƙi mai duba jini ya ba ka aron madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa, ka dawo ka ce ashe waɗannan biyu da ka haɗa ba dangi ba ne, ka sake raba su. Na tsokane ka na ce ko alƙali bai kai ka raba gida ba. Ka ce su ma manyan masanan haka suke fama, yau su haɗa, gobe su raba, don kamannin fuska ba shi ne zumunci ba. Guda ɗaya ce ta gagare ka, mai launin garin ɗorawa, wadda ba ta fitowa sai a ruɓaɓɓiyar giginya bayan ruwa ya zauna. Ta ƙi shiga kowane gida. Ita ka aika ƙasar waje, ka zauna jiran amsa.

Sai taswirar. Ka zana gulbi, ka ɗiga ja a duk inda ka samu mai launin ɗorawa: fadamar Bengou, kusa da Tanda, tsallaken ruwa wajen Benin, da hanyar Najeriya. A tudun Yélou ka yi ta yawo, ba ka samu ko ɗaya ba. Ka ce ita damshi take bi da giginya, ba ta san duwan ba, ba ruwanta da masu tsaron iyaka.

To soja sun san duwan. Mutum yana bin iyaka yana ɗaga gungume, yana leƙawa, yana rubutu, yana mayarwa yadda yake don kada a gane an taɓa, me kake so su ce? Suka ce saƙo kake ajiye wa ƴan adawa, ko makamai kake dubawa. Babbansu a nan, Ajidan Sumana, ya kai ka kaso.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba, Abdu. Ka mutu kana zaton bincike suka yi suka ga ba ka da laifi. Ba su binciki komai ba. Ni na sa kakina na gandun daji na je biro, ofishin soja, na rantse wa Ajidan cewa kanka ba daidai yake ba, tun muna yara aljanun daji suka taɓa ka, kowa ya sani. Ya sa na rubuta, na sa hannu. Washegari aka sake ka. Na dawo gida ina jin na yi dabara.

Takardar ba ta tsaya a biro ba. Ta bi ka lakkol, aka karɓe maka aji. Iyayen da ke kawo maka farar shinkafa da kaka suka riƙa janye ƴaƴansu in kun haɗu a hanya. Ka zo ƙofar gidana ka tambaye ni wa ya fara wannan magana, na ce ai ka san mutanen gari. Ka dube ni, ka ce haka ne. Ka gane a ranar? In ka gane, me ya sa ka ci gaba da zuwa muna cin goro? Har ranar da muka kai ka makwanci, ina jin wani a bayana yana cewa Allah ya jiƙan mahaukacin itace, ban juya ba.

Labarin gida. Matarka Hadiza ta fita takaba lafiya, tana toya masa a ƙofar gida. Ƴarka Zali ta haihu, namiji, an sa sunanka. Hadiza ta so ta ƙone akwatin ambulan ɗinka, ta ce shi ya ja maka, kuma gara yake kirawo mata. Ban ga laifinta ba. Na ɗauko shi na kawo ɗakina, da taswirar a ciki.

Shekaranjiya aka kira ni biro. Amsar da ka yi ta jira ce ta iso, bayan ciyawa ta rufe kabarinka, kuma sun buɗe ta. Mai takardar yana tambaya a waɗanne wurare kuma ake samun abin. Su kuwa abin da suka ji shi ne baƙo yana neman taswirar iyaka. Aka ce in kawo ta kafin sallar Juma'a, in ba haka ba ɗakin da ka kwana yana nan.

Ba zan kai ba. In ta shiga biro, ko ta shiga wuta, ko su bi jan ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, su kife kowane gungume suna neman bindiga, su bar cikinsa a rana. Wa zai tsaya ya mayar? Jiya na kwafe ta da hannuna, na ba wani direban kamyo mai kai kaya Kotonu ya sa a fos can, zuwa ga mai takardar. Yanzu ta tsallake gadar iyaka. Ta ainihin kuma tana inda babu sojan da zai durƙusa ya duba.

Amma zan je ranar Juma'a. Zan ɗauki guntun giginya, in aza a teburin Ajidan, in kife masa ya gani da idonsa. Sannan in ce a fito da takardar da na sa wa hannu, in faɗa a gaban duk wanda ke wurin: “Ƙarya na yi. Malam Abdu lafiyarsa ƙalau, ni ne matsoracin.” Na san hukuncin wanda ya yi wa soja ƙarya a rubuce. Na riga na naɗe tabarma da buta, na gaya wa uwargida inda maganin gwiwata yake. Tsoho ne ni, zama dai nake yi a gida, can ma zama ne.

Ban ce ka yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna. Bari in je in dawo, in an bar ni na dawo.

Saura maganar nan ta mai shayi. Na sake jin ta a bakin masu kwalekwale, na ji a bakin mai duba jini, duk na ce zancen gari ne. To gaskiya ce, Abdu. Takardar ta ce sun gwada mai launin ɗorawa da duk danginta da suka sani, ba ta shiga ko ɗaya ba, sai an buɗe mata gida nata. Wanda ya gaya mini a ƙarshe kuwa, yana tsaye da takardar a hannu, yana karantowa layi-layi da ƙarfi don ya tsorata ni, shi ne Ajidan Sumana.

Allah ya haskaka kabarinka. Sai na zo.

Naka, wanda ya sa hannu,
Garba na gandun daji, Gaya