Jinin da Bai Gane Sanƙarau ba

Mai Wurno, Maris 1974

Ƙanena Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da matarka Nawal, ya aikin asibiti?

Sanƙarau ya shigo mana da zafin nan. Ɗana Mahadi ya rasu ranar Laraba. Da safe ya ce, "Inna, kaina zai fashe." Kafin la'asar wuyanshi ya sandare, bai ƙara gane ni ba.

Uwaisu, an yi mishi allurar rigakafin nan fa! Layi ɗaya suka tsaya da 'ya'yan maƙwabciyata Kulu, kwano ɗaya suke ci, amma nata ko atishawa babu. Haka ciwon nan ya ɗauke Baba da yayanmu Ali. Mata sun fara cewa baki aka yi wa gidanmu.

'Yata Yalwa kaɗai ta rage min. Kullum sai na sa ta sunkuyar da kai in ga ko haɓarta za ta taɓa ƙirji, har yarinyar ta fara guduna. Kai da ke jinyar masu ciwon, faɗa min gaskiya.

Yayarka, Indo

Wad Madani, Afrilu 1974

Yaya Indo,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mahadi, ya ba ki haƙuri.

Ba baki ba ne. Na kai maganar gaban likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa. Ya ce ƙwayar cutar tana lulluɓe da wata riga mai kama da sukari. Allurar kuwa ɗan guntun rigar ce, ana nuna wa jini don ya gane ɓarawon in ya zo. Sai dai jini ba iri ɗaya ba ne. Na mafi yawan mutane yana ganewa, na wasu kuwa ba ya riƙe kamannin, kuma ana iya gadon haka.

Ya ɗebi jininmu, mu ma'aikata da aka yi wa allurar, ya gwada. Na kowa ya amsa. Nawa shiru, Yaya.

Ban faɗa wa Nawal ba. Ɗakin masu sanƙarau ya cika, har ƙarƙashin bishiya mun kwantar da mutane, kuma ni nake riƙe su in za a soke su a baya a ɗebi ruwan gwaji. Numfashinsu a fuskata yake sauka.

Ki hana Yalwa shiga taro. Da zarar jikinta ya yi zafi, kada ki jira wuya, ki hau mota da ita zuwa asibitin Sinnar.

Ki yi min addu'a.

Ƙanenki, Uwaisu

Mai Wurno, Afrilu 1974

Uwaisu,

Bayan gaisuwa. Don Allah, don Annabi, ka fita daga ɗakin nan! Ka ce a mai da kai wajen masu karaya, ko ka taho gida har ruwa ya sauka ciwon ya lafa. Su da jininsu ya amsa su riƙe mutanen. Na binne uba, na binne wa, na binne ɗa. Ba ni da sauran ƙarfi.

Allah ya tsare min kai.

Indo

Wad Madani, Mayu 1974

Yaya Indo,

Salam. Nawal ce. Uwaisu ya nemi canji kamar yadda kika ce, aka ce ya jira a samo madadinsa. Bai iya barin marasa lafiya ba, ya ci gaba da zuwa. Jiya ya dawo yana kare ido daga rana. Na ce ya sunkuyar da kai, ya kasa. An kwantar da shi a asibiti, suna ta yi masa allura, bai farfaɗo ba tukuna. Kafin ya fita hayyacinsa ya ce kada ki zo, kada ki bar Yalwa. Ina jin tsoro, Yaya.

Ki gaida gida.

Nawal

Wad Madani, Yuni 1974

Yaya,

Assalamu alaikum. Na tashi, alhamdu lillahi, amma kunnuwana sun tafi. Nawal tana magana, ina kallon bakinta kawai. Likita ya rubuta min a takarda cewa ba za su dawo ba.

Ki kawo Yalwa a duba jininta. In kun iso ki dafa kafaɗata, don ko kin yi sallama ba zan juyo ba.

Ƙanenki, Uwaisu