Gemun Baba Sabitu

Zongo, Lome

Zuwa ga uwata Zuhura,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kina lafiya a Kara, ke da ranar da kike kiwo. Mamadu direban kamiyo, babbar motar kaya, zai kawo miki wannan, don waya ta fi ƙarfina: in na danna sunanki sai ta kira mai gawayi.

Gida lafiya, wato ni da fanka. Tun rasuwar mahaifiyarki ita ce abokiyar hirata, kuma ba ta musu. Panon lantarki mai aiki da rana da kika ɗora a rufi yana aiki. In kuran, wato wutar gari, ya ɗauke, maƙwabta su cika zaure da wayoyinsu, in ya dawo su watse. Na gane ba ni ake ziyarta ba.

Yaushe za ki zo? Ba matsa miki nake ba. Tambaya ce ta mutumin da ya bar makaranta a aji huɗu.

Mahaifinki,
Sabitu

*

Kara

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi, ya ƙafa?

Baba, ina da buƙata. Famfon ban ruwa mai aiki da rana da na daɗe ina bincike a kansa, za a gwada shi a wani ƙauye kusa da Mango. Direktan labo, wato ɗakin bincikenmu, ya ce sarkin garin ba zai zauna da mace ba, don haka zai ba Samir proje ɗin, wato aikin gaba ɗaya. Samir ɗin da ni na koya masa aiki. Na yi gardama, sai ya ce in zan sami dattijo ya shige gaba da goro, ya yi magana a madadina, zai bar mini. Ka zo. Ba abin da za ka yi sai gaisuwa.

'Yarka mai biyayya,
Zuhura

*

Uwata,

Salamu alaikum. Ashe akwai ranar da za a ɗauki gemuna aiki. Na kai shi wurin wanzami an gyara, na kai babbar riga guga. Gaisuwa kuwa ita ce kaɗai digirina. Da ita na ci abinci a por, tashar jiragen ruwa, har tsufa. Ina tafe. Ki tanadi tabarma da kunne, ina da surutun shekara guda.

Sabitu

*

Uwata,

Salamu alaikum. Kada ki jira ni a tasha.

Jumma'a a ƙofar masallaci, Alhaji Ilyas mai fata ya kama hannuna yana cewa, “Sabitu, barka. An ce ka sami kwangilar famfo a arewa, har za ka tafi da yarinyar ta riƙa dafa maka.” Kowa ya ce Allah ya sa albarka. Na buɗe baki in gyara, suka ce ina ɓoye arziki.

Ko zemijan, babur ɗin haya, ban hau zuwa tasha ba, famfon ya zama nawa. To in na zauna gaban sarki fa? A por, wanda ya fara miƙa hannu shi ne mai kaya, ko da ɗan dako ne. Ni ban san jar wayar wuta da baƙa ba, amma za a ce famfon Sabitu ne, direktanki kuma ya ce ai ya faɗa.

Allah ya sani ina son zuwa. Ki yi fushi, kin isa. Ga goro nan hannun Mamadu, fari, na zaɓa da kaina. Ki kai da hannunki.

Mahaifinki marar amfani,
Sabitu

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi fushi, ban ɓoye ba. Direkta ya ce in je sau ɗaya, in an kore ni Samir ya karɓa.

Na je. Sarki ya karɓi goron, ya juya yana yi wa direban motarmu tambayoyi. Bawan Allah ya ce shi tuƙi ya sani. Can sai sarki ya ce, yana kallon bango, “To, a tambayi baƙuwar, ruwan zai kai gonakin albasa?” Na amsa wa bangon. Kafin la'asar ya gaji, ya juyo.

Proje nawa ne. Amma ba zan bar wurin ba sai an cire albasa, don haka babbar Sallah ba za ta same ni a gida ba. Ka yafe mini.

Zuhura

*

Injiniya,

Salamu alaikum. Na karanta wa su Alhaji Ilyas labarinki, na ƙara gishiri inda ya kamata. Ya ce dama shi ya san yarinyar za ta yi abu.

Ki zauna kan aikinki. Da na dawo daga wurinsu na auna shinkafa na ɗora, sai da ta nuna na ga ta mutum biyu ce. Ba komai, gobe ma rana ce, zan ɗumama.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Sabitu