Sunan da Ke Bayan Faifan

Litinin, 2 ga Satumba

An ɗauke wuta tun ƙarfe tara, janareta ba mai. Muka zauna muna kallon kwamfutoci kamar masu jiran likita. Madam Muleya, shugabar sashenmu, ta ce ai sai a yi mitin tunda ba aiki. Awa biyu a kan wa ke kwashe sukarin shayi. Shekarata goma sha huɗu a sashen fayil na wannan kamfanin inshora, yau ma ba a gano ɓarawon ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Jere, mai teburin da ke kusa da nawa, ya zo da wani sabon faifan kiɗan rok a jaka yana ta lallaɓa shi. Wasu yara huɗu ne 'yan unguwar Kabwata, wai sun dawo da kiɗan shekarun saba'in. Ba shi ma da abin saka faifan, a waya yake ji. Ya ce, "Musonda, mai cin biri, zo ki ji kiɗan garinku." Na ce mutumin da ke cin ɓera da gashinsa me ya sani a kiɗa. Ƙabilarsu da tamu abokan wasa ne.

Na saurari waƙa uku. Sun iya, ban hana su ba. Amma ya yi tsabta da yawa. Wancan kiɗan a kulob ɗin 'yan haƙar tagulla aka haife shi, da tsohuwar lasifika mai kuka da warin giya. Waɗannan kuwa ka ji jitarsu ka san ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Firinta ta cinye min takarda talatin. Ban ce mata komai ba.

Litinin, 9 ga Satumba

Waƙa ta shida.

Ina jera fayil, abin ji a kunne ɗaya, sai wata jita ta shigo a makare, tana jan ƙafa, kamar mai ita ba ya son isowa. Kafin ta shigo an yi ɗan tari, sau biyu. Na tsaya da fayil a hannu. Ofishin ya tafi. Ina Wusakile, a Kitwe, kan dakalin gidanmu, rana tana dukan tulin baƙar ƙasar ma'adinai, Mama tana tuƙa tuwon nshima, wani mutum mai faffaɗan wando yana ɗaure wayar jita da haƙori.

Madam ta kira sunana sau uku, in ji Jere.

Talata, 10 ga Satumba

Na karɓi kwalin faifan wai zan duba hoto. A baya, cikin ƙananan haruffa: jita a waƙa ta shida, Bashi Musonda.

Da yarenmu, baban Musonda ke nan. Ba sunan da ya yi tashe da shi ba, ba sunan yankansa ba.

Jere ya ce, "To mene ne? Ku Bemba ai kowa da sunan ɗan farinsa ake kiransa, kuma Musonda sun fi dubu a Kitwe." Ban gaya masa ba. Ina shekara tara mutumin nan ya bi ƙungiyar kiɗansa zuwa Francistown, can ƙetaren iyaka, sati biyu, in ji shi. Da ya dawo ƙasar bai dawo gidanmu ba. Ya yi wani iyali a Chimwemwe, wata unguwar Kitwe, kuma na sani sarai can Bashi Kelvin suke ce masa. Shekara talatin da wani abu yana amsa wannan. Sai yanzu da za a buga a takarda.

Ya ba ni haushi ƙwarai. Wa ya ba shi aron sunana?

Juma'a, 13 ga Satumba

Furen bishiyar jakaranda ya fara zuba a bakin titi, duk hanyar ofis ta yi shuɗi-shuɗi. Na wuce tashata ban sani ba, sai da kwandasta ya ce, "Anti, ko har gida za ki bi mu?"

Na ji ta shida sau tara yau. Ta bakwai da ta takwas shirme ne, mai gangar yana sauri kamar ana binsa. Ta shidan ma ba wata waƙa ba ce. Yatsunsa sun yi nauyi, akwai wurin da ya kuskure waya ya bar ta haka.

Litinin, 16 ga Satumba

Jere ya karanto hirar da aka yi da yaran. A ɗakin tsohon da ya kaɗa musu ta shida suka naɗi jitar, yana zaune bakin gado, don ba ya iya tsayuwa. Ciwon ƙirji ne. Sun ce sun yi sauri ne don kada su makara.

Na shiga banɗaki na daɗe. Da na fito Jere ya ajiye min gasasshen rogo da gyaɗa a tebur, bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Ashe ya gane.

Laraba, 18 ga Satumba

Hutuna na shekara ya ƙare tun bikin Ista. Saura na jinyar iyaye, kwana biyar. Na cike fom, don dai in ga ko za su bayar.

Madam Muleya ta kira ni, fayil ɗina a buɗe gabanta. "Musonda, wane uban? Nan an rubuta ya rasu. Rubutunki ne."

Nawa ne. Ranar da aka ɗauke ni aiki na rubuta. Har na manta.

Ta cire tabarau. Ta ce ko dai in janye fom ɗin mu yi kamar ba ta gani ba, ko in rubuta wasiƙar gyara, a kai sama, a saka min takardar gargaɗi a fayil kan bayanin ƙarya. Ga ƙarin girma ana dubawa a Nuwamba. "Ki yi tunani, 'yar nan. Ni ban san abin da ya yi miki ba."

Ni da nake gyara fayil ɗin mutane.

Alhamis, 19 ga Satumba

Ban janye ba, ban rubuta ba. Na yini ina buga hatimi. A raina ina ta hawa bas ɗin Kitwe ina sauka a Kapiri, a rabin hanya.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ba yafewa na yi ba, kada in ruɗi kaina. Fayil ne ba daidai ba, ni kuma ba na son fayil da kuskure. Kitwe kuma dama ina da kabarin Mama da zan share. In na biya Chimwemwe, gaya masa zan yi ya kuskure waya a waƙa ta shida.

Wuta ta zo ƙarfe uku. Wasiƙar layi ɗaya ce, firinta ta fitar da ita lafiya lau. Na tsaya a gaban ƙofar Madam ina karantawa, sai na ji bakina yana faɗa a fili, a gaban Jere da kowa: mahaifina yana da rai.