Kwaɗon da Aka Canza

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Ranar da na fita takaba na je buɗe shagon marigayi mijina, makullina ya ƙi shiga kwaɗon. Nan na gane mai ginin ya ba wani haya, alhali shekara uku suka yi alkawari da marigayi, kuma ba ta cika ba.

Haka ya yi wa maƙwabciyata mai kitso, amma alƙali ya tilasta masa mayar mata, don mijinta ya ajiye takarda. Nawa kuwa musafaha kawai suka yi, wai kunya ce ka nemi amini ya sa hannu. Jiya mai kitson ta wuce, mijinta riƙe da jakarta, ta ce, "'Yar'uwa, sai haƙuri." Na yi mata barka da baki kawai, Allah ya yafe mini. Ban san me ya fi tsone mini ido ba, shagon ko mai riƙe jakar.

Lauya ya ce in akwai shaida, ko a mayar mini ko a biya diyya. Don Allah duba wasiƙun marigayi ga Inna, ko ya ambaci alkawarin. Keken ɗinkinsa yana cikin shagon, kuma ban shigar da ƙara ba tukuna.

Ƙanwarki