Mama Ta Cika Tamanin

Legas, 6 ga Maris, 1994

Zuwa ga ƙanwata Ashabi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da mutanen gida. Mu nan ƙalau muke, sai aikin kotu da ba ya ƙarewa.

Ranar 16 ga Afrilu Mama za ta cika shekara tamanin, na kuma yanke shawarar yi mata bikin da garin Iseyin bai taɓa gani ba. Matata Folake ta zaɓi anko, shuɗi mai ratsin zinariya. Za a yanka shanu biyu, makaɗa za su zo daga Ibadan. Manyan mutane ne baƙina, ba irin masaƙan da kike hira da su ba, saboda haka ki kintsa gidan. Zuwana na ƙarshe wani wari ne ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Ban san me kike yi da wuninki ba. Ba miji, ba ɗa, tsohuwa ɗaya tak aka bar miki, amma ɗaki kamar turken awaki. Ki koya mata ta ce "na gode" idan an miƙa mata abin magana.

Yayanki,
Lauya Durotimi Ajagbe

Iseyin, 19 ga Maris, 1994

Egbon mi, yayana, lauyan lauyoyi,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka gwanar zaɓen launi.

Zuwan naka na ƙarshe yau shekara uku ke nan da wata biyu. Hancinka ya yi ƙoƙari da ya riƙe warin har yanzu. Tunda ka tambayi abin da nake yi da wunina, ga shi. Da safe in wanke Mama, in wanke zanin da ta ɓata, in shanya katifa. In dama mata koko, ta tofar, ta ce na sa guba. In tuƙa amala, ta dunƙule rabi ta cusa ƙarƙashin filo wai na Durotimi ne idan ya dawo daga makaranta. Sai ya yi tsami nake gano shi. Warin da ya dame ka, abincinka ne.

Ranar kasuwa ta sulale ta fita, na iske ta a gaban mahauta ta kwance zaninta. Da na rufe ta, ta ƙwala ihu wai ɓarauniya ta kama ta. Mutanen da suka san ni tun ina goye suka tsaya suna kallo. Zaren da na ɗora a masaƙa tun Kirsimeti bai zama zani ɗaya ba. Shi kuwa mijin da kake goranta min, Akanbi mai sayar da zare shekara biyu yana jirana, har ya gaji ya auri wata.

Jiya na ce mata, "Mama, ɗanki zai yanka miki shanu." Ta ce, "Wane ɗa? Ni na haifi Bafulatani ne?" Ka ga karatun "na gode" zai ɗau lokaci.

Ku zo, gida zai yi ƙamshi.

Ƙanwarka,
Ashabi

Legas, 20 ga Afrilu, 1994

Ashabi,

Gaisuwa, don dai haka aka saba.

Abin da kika yi min ranar biki ba zan manta ba. Maroƙi yana tsaka da yi min kirari, yana cewa ga ɗan da ya goya uwarsa kamar yadda ta goya shi, kika karɓe abin maganar, da murmushinki, kika sanar da jama'a wai na yi alkawarin tafiya da Mama Legas a ranar. Aka yi ta tafi, alƙalin da nake aiki a gabansa ya miƙe ya rungume ni. Kafin in buɗe baki kin riga kin sa akwatinta a bayan mota. Ashe tun safe kika haɗa shi.

Kin zaci kin ɗaure ni. To ki sani na ba ta ɗaki mai sanyi, na ɗauko 'yar aiki ta musamman, likita zai riƙa duba ta duk mako. Za ki ga yadda masu ilimi suke riƙe tsoho ba tare da kuka da tsegumi ba.

Durotimi

Legas, 11 ga Mayu, 1994

Ƙanwata Ashabi,

Ina gaishe ki ƙwarai. Yaya jiki, yaya saƙa? Na aiko wasiƙa biyu ta hannun direba, ya ce gidan a kulle yake, maƙwabta sun ce kin tafi Ilorin wurin goggonmu. Can zan aika wannan.

'Yar aikin kwana huɗu ta yi. Mama ta cije ta a hannu. Ta biyu ko jakarta ba ta sauke ba. Folake ta kwashe yara ta tafi gidan iyayenta bayan Mama ta yi bayan gida a falo, ranar da ƙawayenta na coci suka zo. Likita ya ce babu maganin wannan ciwo, ya rubuta ƙwayar barci ya tafi.

Ranar Talata da rana mai gadi ya bar ƙofa a buɗe, Mama ta fice. Awa biyar ina yawo a titi da rigar kotu, ina tambayar masu talla ko sun ga wata tsohuwa. A tashar mota na same ta, ba takalmi, wata mai gasa masara ta zaunar da ita. Na ce, "Mama, ni ne, mu tafi gida." Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai tsoho, ba ka jin kunya? Matar aure ce ni." 'Yan tasha suka yi min ca, saura kaɗan su dake ni.

Yau kwana tara ba ta yi wanka ba. Da ta ga bokiti sai ihu. Ƙafarta ta fara ruwa inda ta taka kwalba. Na ɗage shari'a uku. An nuna min wani gidan tsofaffi a bayan gari, na je na duba, na ga an ɗaure wata da tsumma a jikin gado, na juya na fito.

Ashabi, na faɗi maganganun da bai kamata ba. Ki zo ki ɗauke ta, ko in kawo ta. Duk abin da kike so zan yi.

Ɗan'uwanki,
Durotimi

Ilorin, 18 ga Mayu, 1994

Egbon mi,

Ina amsawa. Jiki da sauƙi, an duba min bayana da ya shekara biyu yana ciwo, an ce in huta wata uku. Zan huta su cif. Ranar 18 ga Agusta ka kawo ta Iseyin, kai da kanka. Daga nan wata uku wurina, wata uku wurinka, har Allah ya yi ikonsa. Idan ka kai ta gidan nan da ka gani, ka daina rubuto min.

Ƙafar, ka wanke da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma. Wankan kuma, ka ɓoye bokitin, tsoronsa take ji. Ka zo da ƙaramar roba da tsumma, ka rufe taga, kada ka tsaya a kanta. Ba ta yarda sai an fara daga tafin ƙafa, don haka sai ka durƙusa. Zai yi maka wuya kwana biyun farko. Ba ya kashe mutum.

Ka gaishe min da ita, ko ba za ta san daga wa ba.

Ashabi