Sunan da Bakina Bai Taɓa Kira Ba

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yau na ci amanar 'yar da na haifa, ina zaune bakina a rufe.

Yaya Lawan, wan marigayi mijina, ya tara mu a gidansa na Unguwar Kanawa. Ƙanwarsa Delu ce ta kai ƙara, wai ranar Alhamis bayan magariba ta ga 'yar farina tana fitowa daga motar wani namiji a Kurmin Mashi. Ni fa na aike ta! Abinci ta kai wa ƙawata Harira da ke kwance ba lafiya, mijin Harira ya rage mata hanya.

Yarinyar ta faɗi haka, Delu ta ce ƙarya ce. Sai ta juyo ta dube ni: "Umma, ki faɗa musu mana." Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi. A gidanmu uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban dangin uba, ko sunansa ba ta kira. Haka na taso na ga ana yi a Katsina, shi ya sa "Yayarsu" nake ce mata tun da aka haifi ƙannenta.

Yaya Lawan ya ce tunda uwarta ta yi shiru magana ta ƙare. Daga gobe ta bar zuwa makarantar koyon aikin jinya. Ga jarrabawarsu ta ƙarshe ranar sha huɗu ga wata.

Litinin, 7 ga Oktoba

Yarinyar ta wanke farin kayan makarantarta, ta goge, ta saka a ƙasan akwati. Ko kuka ba ta yi ba. Da ma ta yi.

Talata, 8 ga Oktoba

A aji yau na daka wa wata yarinya tsawa: "Buɗe baki ki yi magana, ba na jin ki!" Sai kunya ta rufe ni har alli ya faɗi daga hannuna. Malama Hauwa kenan, mai cika firamare da murya, wadda ko direban Keke ba ya iya ja da ita. Gaban Yaya Lawan kuwa sai ka ce an ɗinke min baki.

Laraba, 9 ga Oktoba

Tana gaishe ni, tana girki, komai cikin ladabi kamar baƙuwa. Na zuba mata nama fiye da na kowa, ta kwashe ta ba ƙaninta Sagir. Na ji ta a tsakar gida tana ce masa, "Da Baba yana nan..." Ba ta ƙarasa ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na je duba Harira. Da na ba ta labari sai ta yunƙura ta zauna duk da ciwon. "Ke Hauwa, kina da hankali kuwa? Bari maigidan ya je ya yi musu bayani." Na ce a'a, in ya je Delu za ta ce haɗa baki aka yi. Ta ce, "To ai kin san bakin da ake jira."

Na sani mana. Tsoro nake a ce ba ni da kunya. Don kar a faɗi wannan kalma ɗaya na bari aka ɓata sunan marainiya.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na sa mayafi, na kai har bakin layin su Yaya Lawan, na sayi tumatir na dawo. Matsoraciya kawai.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na shiga. Gaisuwa na yi ta ja, na tambayi gida, na tambayi aiki, har lafiyar awakinsa sai da na tambaya. Ya ce, "Hauwa, lafiya dai?" Ga Delu a gefe tana tsinkar zogale.

Na ce, "Yaya, ni na aike ta. 'Yata ba ta yi ƙarya ba." Sai na ji maganar tana ta fitowa, ban san inda na ajiye ta ba duk shekarun nan. Na ce yarinyar nan ba ta taɓa sa ni kuka ba, kuma ubanta ya mutu da burin ya gan ta cikin fararen kaya.

Delu ta riƙe haɓa. "Lallai zamani! Uwa ce ke yabon 'yar fari ido a bushe?" Na ce, "E, ni ce, Yaya Delu."

Yaya Lawan ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ranar nan fa ke na zuba wa ido. Da kika yi shiru na ɗauka kin san wani abu ne." Wato shirun nawa ne ya zama shaida a kanta. Ya ce ta koma makaranta.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na gaya mata ina kallon tukunya. Ta ce, "To, Umma, na gode." Shi ke nan. Ban cancanci fiye da haka ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ta fita da sassafe, sai na ga katin shiga jarrabawarta a kan firji. Na ɗauka na bi ta ba ko takalmi, har ta kusa shan kwana. Layi cike da mutane, kuma in na ce "Yayarsu" yayar wa za ta juyo? Sai kawai na ɗaga murya na ƙwala mata kira da sunanta.

Ta tsaya tana waige-waige, tana neman mai muryar. Da ta ga ni ce sai ta dawo a hankali, ta karɓi katin, ta riƙe hannuna ba ta saki ba. "Umma, sake faɗa." Na ce wuce kar ki makara, sakarya.

Ba wani abu ba ne, katin ne ya sa. Allah ya ba Rahmatu sa'a.