Na Buɗe Kyamarar Marigayi da Fim a Ciki

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kwana huɗu ke nan na rasa mafita.

Ni mai gyaran tsofaffin kyamarori ne, irin masu amfani da fim, shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a. Wata baiwar Allah ta kawo mini kyamarar mahaifinta da ya rasu bara. Batir ya fashe a ciki, ruwansa ya cinye wayoyi, injin naɗe fim ya tsaya cak. Tana hawaye ta gaya mini akwai fim a ciki, hotunan ƙarshe da ta ɗauke shi yana riƙe da jaririnta, sati biyu kafin rasuwarsa. Na ce ta kwantar da hankalinta.

Bayan kwana goma na ɗauko kyamarar. Gilashin da ke nuna adadin hotuna a mace yake, ba abin da ya tuna mini. Hannuna ya riga hankalina, na ɓalle murfin baya a ƙarƙashin fitilar teburina. Ina ganin fim ɗin na rufe, amma haske ya riga ya shiga. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Kyamarar yanzu tana aiki sumul. Matata ta ce in ce ruwan batir ne ya lalata fim ɗin, ai ba wanda zai gane. Gaskiya ne, ba za ta gane ba. Ni ne na kasa yi mata ƙarya. Jibi za ta zo.

Mai gyara cikin damuwa

Malam mai gyara,

Allah ya sanyaya maka. Ba mugunta ka yi ba, sabo ne ya ja hannunka. Maiɗakinka ma ban ga laifinta ba, mutuncinka take karewa. Sai dai shawararta ba ta karɓu ba. Idan ka ɗora laifin a kan batir, yarinyar nan kanta za ta riƙa zargi har abada, ta ce da ta cire shi da wuri da ba haka ba. Kada ka ƙara mata wannan a kan maraici.

Kuma ruɗewa ta mantar da kai abin da ka fi ni sani: fim ɗin da ya riga ya naɗu, na waje ne ke shan haske, na can ciki yakan tsira. Kira ta yau, kada ka jira jibi. Faɗa mata yadda aka yi ba kwana-kwana, ka nemi gafara, sannan ku je wajen mai wanke hoto tare. Wataƙila hoto biyar ya fito, wataƙila ko ɗaya.

Idan ta yi fushi, ka yi shiru ka saurara, mahaifinta take yi wa kuka. Allah ya jiƙansa, ya sa ko hoto ɗaya ya fito da fuskarsa.